Ƙauracewar 'Yan Adawa a Zaɓen Nijar na 2016: Wa Ta Amfana?

A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, ranar 21 ga Fabrairun 2016, shugaba mai ci a lokacin, Mahamadou Issoufou, ya samu kusan kashi 48 cikin ɗari, Hama Amadou na jam'iyyar Lumana ya biyo da kusan kashi 18. Hama bai yi kamfe ko sau ɗaya ba, domin tun Nuwamban 2015 yake tsare a kurkukun Filinge bisa zargin safarar jarirai, zargin da magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne. Ana saura kwanaki kaɗan a shiga zagaye na biyu aka kwashe shi zuwa Faransa jinya. Ƙawancen 'yan adawa na COPA, da ke mara wa Hama baya, ya ce wa jama'arsa su zauna a gida ranar 20 ga Maris.

Ƙorafinsu yana da tushe. Takarar da ɗaya ke fadar shugaban ƙasa ɗaya ke gidan kaso ba takara ba ce. Amma akwai lissafi ma a ciki: Issoufou ɗan ƙiris ya rage masa ya haye, kuma wasu ƙananan 'yan takara sun riga sun koma gare shi. Ƙauracewa ta fi shan kaye a fili daɗin faɗi.

Issoufou ya tashi da fiye da kashi 92, Kotun Tsarin Mulki ta tabbatar, aka rantsar da shi a Afrilu. Gardamar yawan waɗanda suka fito zaɓe ta ɗan yi zafi, sannan ta mutu.

Ƙaurace wa zaɓe makami ne da sai wani ya ji kunya yake aiki, kuma a lokacin babu mai niyyar jin ta. Faransa da Amurka na buƙatar Yamai saboda yaƙin Mali da Boko Haram a Diffa, Tarayyar Turai kuma ta dogara da dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta Agadas. Ba wanda zai juya wa Issoufou baya don Hama.

Ƙawancen ma bai jure ba. Kafin shekara ta ƙare Seini Oumarou, wanda ya zo na uku, ya kai jam'iyyarsa ta MNSD cikin gwamnati aka ba shi muƙami. A 2017 kotu ta yanke wa Hama ɗaurin shekara guda, kuma da wannan hukunci aka hana shi tsayawa takarar 2020.