Abin Da Ke Hana Rediyo Magana A Cikin Kwale-kwale

Idan masunci daga Kogin Galma ya ɗauko akwatin rediyonsa ya kawo wa mai gyara a Tudun Wadan Zariya, yana kukan cewa ta daina kama tasha, sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne gardama. Mai gyara zai ɗora ta bisa tebur ya kunna, sai ga murya tangaran. Masunci kuwa ya rantse cewa jiya a kan ruwa ban da shuu ba abin da ya ji. To, dukansu biyu gaskiya suke faɗi, domin galibi laifin yana ga jirgin ne da yadda aka ajiye akwatin a cikinsa.

Maganar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce. Mutumin da ke kwana kan ruwa, ko a Galma ne, ko a Tiga, ko a tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, yana bukatar jin hasashen yanayi da Hukumar NiMet ke bayarwa, musamman a farkon damina lokacin da iska kan riga ruwan sama isowa.

A fara da matsakaicin zango, watau inda jama'ar Arewa suka saba jin Rediyon Kaduna tun bayan kafa shi a 1962. Mutane da yawa sun ɗauka sandar ƙarfen nan da ake zarowa ita ce ke kamo wannan zango. Ba ita ba ce. A cikin akwatin akwai wani baƙin sanda mai kama da gawayi, an naɗe shi da siririyar wayar tagulla, yana kwance bisa tsawon akwatin. Wannan sanda yana ji sosai idan fuskar akwatin ko bayansa na duban tashar, amma da zarar bakinsa ya saiti tashar sai murya ta dushe. A ɗaki wannan ba ya damun kowa, tun da tebur ba ya motsi. Kwale-kwale kuwa kullum cikin juyawa yake, igiyar ruwa ta karkata shi, matuƙi ya mayar da shi, don haka murya take zuwa tana tafiya. Maganin bai ci ko kwabo ba: kada a ɗaure akwatin tam a jikin jirgi, a bar shi inda hannu zai iya juya shi. Wanda ke kan Galma ya tuna cewa Jaji, inda aka kafa na'urorin watsa shirye-shiryen gidan, tana kudu maso yamma da Zariya.

Sha'anin FM dabam ne. Tafiyarsa kusan miƙe take, kuma tudu yana tare shi. Kogi kuwa a kwari yake, shi kuma mai jirgi yana zaune ƙasa da gaɓa. Saboda haka a ɗaga akwatin sama gwargwadon hali, a zaro sandar ta kai kimanin santimita 75, wanda shi ne rubu'in tsawon zangon a wajejen megahaz 100. Masu sauraro ta wayar hannu su sani cewa igiyar abin sawa a kunne ita ce eriyar, in an dunƙule ta cikin aljihu an rage mata ji.

Gajeren zango, wanda Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 ya shiga ƙauyuka ta kansa, shi ne ke son doguwar waya. Mita huɗu ko biyar ta wayar tagulla mai riga, a ɗaura kanta a kan gora, a maƙala gindinta a sandar rediyo, ta wadatar. Sai dai akwai haɗari da bai kamata a yi wasa da shi ba. Gora mai waya a tsakiyar ruwa ita ce abu mafi tsawo a wurin, kuma irin wannan ne aradu ke faɗa wa. Da ganin hadari ya haɗu, a kwantar da ita.

Saura inji. Ƙarar tas-tas ɗin nan da ke ƙara sauri idan an ƙara wuta daga tartsatsin fulogi take fitowa. Akwai fulogi mai rage wannan ƙara, wanda kamfanin NGK ke sa wa harafin R a cikin lambarsa, amma a tambayi makaniki ko ya dace da injin kafin a saya. Haka nan fitilun zamani masu araha da na'urar cajin waya su ma suna zuba shuu a cikin rediyo. Hanyar gane mai laifi ita ce a riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya ana saurare. Wanda ba shi da halin canza komai sai ya koma goshin jirgi da akwatinsa, nesa da inji, ya kuma rufe shi da leda saboda laima, wadda ke sa bakin batir tsatsa.