Yadda Ake Karanta Bidiyon Ambaliya Daga Teburin Abuja

A watan Agustan 2024, ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙaramar hukumar Katagum, hanyar da ta ratsa Jama'are da Azare. Irin wannan ɓarna takan iso wa jami'in Abuja ta bidiyon waya tun kafin rahoton injiniya, kuma da shi mataimaki ke yi wa maigidansa bayanin farko. Saboda haka sanin dabarun masu shirya fim ya zama wajibi a ofis.

Ɗauka iri uku ce ginshiƙin sana'ar. Ɗaukar nesa kan nuna wuri baki ɗaya: faɗin ruwa, tsawon kwaltar da ta zaizaye, jerin motocin da suka maƙale. Ta tsaka-tsaki kan kama mutum daga ƙugu zuwa kai, ita ake yi wa mai ba da shaida. Ta kusa kuwa fuska take cika allo da ita, ko tsagewar kwalbati. Wanda aka aika masa ɗaukar kusa kaɗai zai ji tausayi, amma ba zai iya auna girman asara ba. Tsayuwar mai kyamara ma tana da tasiri: idan ya durƙusa, ruwan gwiwa sai ya yi kama da kogi.

Sai tacewa, inda ake yanka hotuna a jera su. Kimanin shekaru ɗari da suka wuce, Lev Kuleshov na Rasha ya haɗa fuskar ɗan wasa guda da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, da baƙin ciki, da sha'awa, alhali fuskar ba ta sauya ba. Haka ake iya liƙa kukan wata uwa daga wani gari da rushewar gida a wani garin, mai kallo ya ɗauka waje ɗaya ne.

Masu tace fina-finan Kannywood na amfani da wannan dabara don gina labari, kuma halal ce a can. A takardar neman agaji kuwa, abin da ya kamata jami'i ya nema shi ne ɗauka doguwa marar yanka, mai farawa da alamar da aka sani, kamar gadar Jama'are ko allon sunan gari, ta juya sannu a hankali, tare da ranar da aka ɗauke ta. Da irin wannan bidiyo ne tallafi ke isa ƙauyen da ruwa ya ci.