Abin Da Za A Yi In Kwamfutar Ofis Ta Ƙi Tashi Bayan An Sake Mata Madabod

An shirya wannan takarda domin hakimai da malaman ofisoshinsu na ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram, cikin Masarautar Dutse ta Jihar Jigawa. Yawancin abin da dā a ke rubutawa cikin manyan littattafai yanzu ya koma cikin kwamfuta, kamar sunayen dagatai da masu unguwanni, da bayanin sulhun gonaki, da takardun shaidar asali. Saboda haka lalacewarta abu ne da ya shafi talakawa duka.

Mene ne madabod?

Madabod shi ne babban farantin nan da ke cikin kwamfuta, wanda dukan sauran kaya su ke haɗe da shi. Abubuwan da su kan kashe shi a ƙasarmu sanannu ne, watau wutar lantarki mai hawa da sauka, da janareta marar saiti, da tsawa da damina, da ƙurar hunturu wadda ke toshe mashigar iska har zafi ya yi yawa. In ya ƙone, mai gyara ya kan sa wani. Sau da yawa kuwa in an kunna sai kwamfuta ta ƙi tashi.

Abin da a ke so kowa ya riƙe shi ne wannan: rubuce-rubucen ofis ba a kan madabod su ke ba, suna cikin faifan ajiya, shi kuwa abu ne dabam. Misalinsa kamar a sake magatakarda ne. Littattafai suna nan cikin akwati, sai dai sabon bai san inda mabuɗi ya ke ba tukuna. Ba a ƙona akwati don wannan. To, haka nan kada a yarda kowa ya goge faifai, abin da masu gyara ke kira fomatin, don kawai kwamfuta ta ƙi tashi. Sai a bi matakan nan bi da bi.

1. A duba ko madabod ya ga faifai

Kowane madabod yana da 'yar manhajarsa wadda ta ke fara aiki kafin Windows. Ta dā sunanta BIOS, ta yanzu UEFI. Ana shiga shafinta da danna wani maɓalli da zarar an kunna. A kwamfutocin Dell F2 ne, a na HP F10, a waɗansu kuma Del. In sunan faifai bai fito a shafin ba, a kashe, a zare wuta, a sake cusa faifan da wayoyinsa da kyau. A gyara kwanan wata da lokaci. In sun riƙa ɓacewa, ƙaramin batirin da ke kan madabod ya mutu, a kwamfutar tebur galibi mai lamba CR2032 ne.

2. A gyara jerin tashi

In fuskar kwamfuta ta nuna "No bootable device" ko wani abu mai kama da haka, ma'anarsa madabod ya nemi Windows a inda ba ta. A cikin shafin nan akwai jerin wuraren da za ya nema. A sa faifan ofis a farko, ko kuwa layin da aka rubuta "Windows Boot Manager". A cire duk filashin da ke jikin kwamfuta.

3. A daidaita hanyar tashi

Hanyoyin tashi biyu ne. Tsohuwar ana kiranta Legacy ko CSM, tana tafiya da faifan da aka tsara bisa tsarin MBR. Sabuwar ita ce UEFI, tana tafiya da tsarin GPT. Windows ta kan tashi ta hanyar da aka sa ta tun farko kaɗai. In sabon madabod yana kan ɗaya hanyar, sai a juya shi a gwada. Wannan juyi ba ya taɓa abin da ke cikin faifai.

4. A daidaita yadda a ke magana da faifai

In Windows ta fara tashi sa'an nan ta tsaya da rubutun "INACCESSIBLE BOOT DEVICE", galibi ga dalili. Madabod yana iya magana da faifai ta hanyar AHCI, ko RAID, ko IDE a tsofaffin kwamfutoci. Windows ta saba da ɗaya, sabon madabod kuwa ya zo da wata. A nemi wurin da aka rubuta SATA a shafin, a sake, a gwada. Lalle ne malami ya rubuta kowane abu da aka sake a takarda, kuma a sake abu ɗaya ɗaya, don a iya komawa baya.

5. A gyara mabuɗin tashi na Windows

In duk wannan bai yi ba, a samo filashin da a ke sa Windows da shi, a tashi kwamfuta daga gare shi. A nan ne hatsari ya ke, gama shafin yana da zaɓi biyu. Kada a zaɓi sa sabuwar Windows. A zaɓi "Repair your computer", sa'an nan "Startup Repair". In ya gaza, mai gyara wanda ya san aikinsa za ya yi amfani da umarnin bcdboot ko bootrec ya sake rubuta bayanin tashi, ba tare da ya share kome na ofis ba.

6. In ta nemi lambobi 48

Kwamfutoci da yawa na yanzu suna kulle faifansu da abin da a ke kira BitLocker. Mabuɗin kullen yana ajiye cikin wani ɗan sashe na madabod mai suna TPM. Tun da an ɗauke tsohon madabod, mabuɗin ya tafi tare da shi, sai kwamfuta ta nemi mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48. Galibi yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara shirya kwamfutar, ko kuwa wajen hukumar da ta ba da ita. A sani fa, in ba a sami lambobin nan ba, babu mai gyaran da za ya iya buɗe faifan, ko a Dutse ko a Kano, kamfanin Microsoft kansa ma ba ya iya sake ƙirƙiro su. Don haka a nemo su tun kwamfuta tana lafiya.

7. Maganar lasisi

Bayan ta tashi, mai yiwuwa Windows ta ce ba ta da lasisi, domin lasisinta a ɗaure ya ke da madabod. Wannan ba ya share kome. In an haɗa lasisin da asusun Microsoft, a kan iya maido da shi ta intanet. Amma wanda ya zo tare da kwamfuta daga masana'anta galibi ba ya bin ta zuwa wani madabod. Kada a yarda a sa manhajar sata don a rufe wannan saƙo, gama ta nan ɓarayin bayanai su kan shiga. A kuma tuna kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana bukatar UEFI da TPM 2.0. Ya kamata a tambayi wannan kafin a biya kuɗin madabod.

In duk ya faskara

Wani lokaci sabon madabod ya kan bambanta da tsohon ƙwarai, har ya zama tilas a sa sabuwar Windows. Ko da haka, sai an fara cire faifan, an haɗa shi da wata kwamfuta, an kwashe dukan rubuce-rubuce, malami ya buɗe su ya gani da idonsa. Bayan haka ne za a goge.

Abin da a ke roƙon hakimai

Na ɗaya, a umarci malami ya kwafe aikin ofis cikin filashi ko wani faifai kowane mako, a ajiye a wani ɗaki dabam. Na biyu, a rubuta lambobin nan 48 a takarda, a sa cikin ambulan, hakimi ya riƙe. Na uku, kada a aika da kwamfuta wajen gyara ta hannun direba ko ɗan aike. Malami ya tafi da ita da kansa, ya zauna har a gama, ko da tafiyar daga Gwaram ce zuwa Kano. Sirrin mutane amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare shi a kan wanda ya tara shi. Na huɗu, a sa na'urar daidaita wuta tsakanin kwamfuta da bango, a kuma zare waya in hadari ya taso.

Madabod in ya ƙone ana sayen wani a kasuwa. Amma bayanin iyakar gonar marayu in ya ɓace, sai an sake tara shaidu, watakila kuwa dattawan da suka san asalin maganar sun riga mu gidan gaskiya. Ana fata hakimai za su sa a karanta wannan takarda a gaban malamansu, a kuma ajiye ta kusa da kwamfuta.