Matsalar Fassara a Fagen Lafiya: Inganta Tambayoyin Ciwon Huhu Cikin Farisanci

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta duba yadda ake tabbatar da ingancin takardar tambayoyi da aka fassara zuwa Farisanci domin auna jin daɗin rayuwar masu ciwon huhu mai daɗewa. Batun na da muhimmanci a Iran, inda ban da masu shan taba akwai ɗimbin mutanen da iskar guba ta lahanta wa huhu a yaƙin Iran da Iraƙi (1980-1988).

2.0 Asalin Takardar

Daga cikin fitattun takardun akwai ta Asibitin St George's na Landan, wadda Paul Jones da abokan aikinsa suka tsara a farkon shekarun 1990. Tana da tambayoyi 50 a sassa uku: alamomin ciwo, zirga-zirgar majinyaci da tasirin ciwon a rayuwarsa. Makin yana tashi daga 0 zuwa 100, kuma yawansa na nuna tsananin wahala. Sauyin maki 4 ne ake ɗauka a matsayin sauyi mai ma'ana.

3.0 Matakan Ingantawa

Da farko masu fassara biyu za su juya takardar zuwa Farisanci, kowa daban. Sai a daidaita fassarorin, a miƙa wa wani wanda bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Ingilishi, a kwatanta. Wannan bai wadatar ba, domin asalin ya ambaci wasan golf, wanda manomin karkarar Iran ba ya yi. Dole a nemo aikin da ke cin ƙarfi daidai da shi. Daga nan a gwada wa majinyata kaɗan, a ji yadda suka fahimci kowace jimla.

Mataki na gaba lissafi ne. Ma'aunin Cronbach na 1951 yana nuna ko tambayoyin sashe guda na tafiya tare, kuma akan so ya kai 0.7. Ana sake yi wa majinyatan da ciwonsu bai sauya ba tambayoyin bayan kimanin mako biyu, a ga ko amsa ta daidaita. Sannan a gwama makin da gwajin ƙarfin numfashi da tafiyar minti 6.

4.0 Kammalawa

Idan kalma ɗaya ta kauce, maki zai kauce, likita kuma ya ɗauka magani ya yi aiki alhali majinyaci na nan cikin wahala. Saboda haka aikin yana buƙatar masanin harshe kamar yadda yake buƙatar likita.