ZAMA DA SAYEN GIDA A BAKIN TAFKIN MADARUNFA

Ƙasar Nijar ba ta da teku, amma Allah bai hana ta garuruwan masunta ba. Akwai su a bakin kogin Kwara daga Ayoru har Gaya, akwai su wajen tafkin Cadi, akwai Tabalak a jahar Tawa da Gidimuni a jahar Damagaram. A jahar Maraɗi kuwa babu wanda ya kai Madarunfa suna. Wanda ya bar birnin Maraɗi ya nufi kudu, ya wuce garakan Jiratawa, bayan tafiyar kimanin kilomita 25 zai tarar da gari a bakin ruwan da ba ya ƙafewa rani da damina.

Birnin Maraɗi ya cika ya batse. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum fiye da 267,000 a cikinsa, tun daga lokacin kuwa ƙaruwa yake yi, filin gini yana ƙara tsada. Saboda haka ma'aikacin da ya kusa ritaya, da ɗan kasuwar da hayaniya ta gundura, da mai garkar Jiratawa da ya tara ɗan abin hannu, sukan ɗaga ido su dubi bakin tafki. Tunani ne mai kyau. Sai dai kuɗin da mutum ya yi shekara 30 yana tarawa, rana ɗaya tana iya cinye su idan aka yi ciniki da ka.

GARIN DA RUWANSA

Faɗin tafkin Madarunfa yana tsakanin hekta 500 da 800, gwargwadon lokacin shekara. Ruwansa yana zuwa ne daga Gulbin Gabi da kuma ambaliyar Gulbin Maraɗi, watau ruwan da ya faro daga ƙasar Katsina. Kusa da shi akwai gandun dajin hukuma, a kewayensa kuma akwai kaburburan da jama'a ke cewa na waliyyai 99 ne, waɗanda ake zuwa ziyararsu daga nesa. A shekarar 2006 Nijar ta sa dajin da tafkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa a matsayin gadon duniya. A 2019 kuma aka shigar da tafkin cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ke kare fadamu da tafkuna masu muhimmanci a duniya. Ma'anar wannan ga mai neman gida ita ce bakin ruwan nan yana da masu sa ido a kansa, ba wurin da kowa zai kafa harsashi inda ya ga dama ba ne.

Rayuwar garin tana bin ruwa. Tun da asuba masunta ke shiga, wasu cikin jirgi, wasu bisa gora, da kalli da birgi da mamari da gura. Kamin rana ta yi zafi sun fito da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, wani lokaci har da giwan ruwa. Dillalai suna jira a gaɓa su kwasa zuwa Maraɗi, mata kuma suna soya saura ko su yi banda. Masunta suna da sarkin ruwa mai sasanta tsakaninsu, ma'aikatan ruwa da gandun daji kuma su ke ba da takardar izinin su, su ke hana koma mai ƙananan idanu wadda ke kwashe ƴaƴan kifi. Sayen gida a garin ba ya ba mutum ikon jefa koma. Wannan hanya ce dabam, da takardarta da ladubbanta.

Yawancin masuntan nan manoma ne kuma. Da damina suna gonakin hatsi da dawa, idan ruwa ya ja baya su bi danshi su shuka kayan garka. Baƙon da ya zo da niyyar ya rayu da kifi kaɗai zai sha mamaki, domin ƴan gari da kansu ba su dogara ga sana'a ɗaya ba.

ABIN DA TARIHI YA KOYAR

Tsofaffin Maraɗi ba su manta da shekarar 1945 ba. A lokacin garin yana cikin fadama, kusa da gulbi. Ruwa ya zo ya ci gidajen laka, har hukumar zamanin ta tashi garin ta mayar da shi bisa tudu, inda yake yanzu da titunansa miƙaƙƙu. Tibirin Gobir ma abin da ya same ta ke nan, ita ma tudu ta hau. Manyan garuruwa biyu masu sarauta sun bar kufansu saboda ruwa, to ina ga gidan mutum ɗaya? Ba kuma tsohon labari ba ne kawai: a daminar 2020 da ta 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar nan, a 2024 waɗanda abin ya shafa sun haura mutum miliyan 1, jahar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ruwa yana cin gida idan ya yi yawa, yana kuma kashe gari idan ya tafi. Ngigmi a da tana bakin tafkin Cadi, jirage suna tsayawa a gindinta. Farin shekarun 1970 ya janye ruwan ya bar ta cikin rairayi. Tafkin Madarunfa bai kai ga haka ba, amma yashi da laka da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka sare itatuwansu suna cike shi sannu a hankali. Ban da wannan, tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, zuwan ruwan gulbi ya danganta da abin da aka saki daga can. Nijar da Nijeriya sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 domin raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci. Wanda zai sa dukiyarsa a bakin tafki ya kamata ya san cewa lafiyar gidansa tana ɗaure da gyaran ƙasa a tudu da kuma zaman lafiya da maƙwabta.

Saboda haka lokacin duba fili shi ne watan Agusta ko Satumba, sa'ad da ruwa ya kai iyakarsa. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama gidan kwaɗi da damina. Mai saye ya dubi gindin katangun maƙwabta, alamar da ruwa ya bari tana nan ba ta ƙarya. Ya tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarun manyan ambaliya, ya tambayi fiye da mutum ɗaya, kuma ba a gaban mai sayarwa ba.

FILIN WA AKE SAYARWA?

Malamai sun hana cinikin kifi tun yana cikin ruwa, domin mai saye bai san abin da ya saya ba. Cinikin gida ba tare da bincike ba ɗan'uwan wannan ne. Akwai tambayoyi uku da ya wajaba a samu amsarsu kamin kuɗi su fita daga aljihu.

Ta farko: shin wurin yana sayuwa? Bisa dokar ruwa ta 2010, tafki da gaɓarsa dukiyar jama'a ce da ke hannun gwamnati, ba mai ikon sayar da su. Haka gandun daji, haka burtali da mashayar dabbobi, haka maƙabarta. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari da rani ba ta zama ta wanda ya shuka dankali a cikinta ba. Wanda ya yi gini a irin wannan wuri, ranar da aka zo rushewa ba shi da bakin magana.

Ta biyu: shin mai sayarwa shi ne mai shi? Yawancin gidajen tsohon gari gado ne. Sau da yawa ɗa ɗaya ne ke zaune a ciki, alhali ƴan'uwansa suna Kano ko Agadas ko Libiya, ƴan'uwa mata kuma suna gidajen aurensu, kowa da rabonsa. Idan ba a raba gado ba, sa hannun mutum ɗaya bai isa ba. A mazhabar Malikiyya ma abokin tarayya yana da haƙƙin shufu'a, watau ya mayar ma mai saye kuɗinsa ya karɓe rabon da aka sayar. Akwai kuma wanda aro aka ba kakansa, ko jingina, shekaru suka tura har jikoki suka ɗauka nasu ne.

Ta uku: shin ba a sayar ma wani ba? Fili ɗaya a hannun mutum biyu ko uku, kowa da ƴar takardarsa, shari'a ce da alƙalan ƙasar nan suka gaji da gani.

TAKARDUN DA DOKA TA SANI

A nan wanda ya yi yaƙi da jahilci ya fi ɗan'uwansa, domin zai karanta abin da zai sa ma hannu. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasar nan take da dokar karkara, wadda ta yarda da mallakar gargajiya ta kuma buɗe hanyar rubuta ta. Dokar ta kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo: na ƙauye a ƙarƙashin mai gari, na kwamin a ma'aikatar magajin gari, na gunduma a ƙarƙashin prefe. Idan gona ce ko garka ko fili a ƙauyukan da ke kewaye da tafki, wurinsu ake zuwa. Suna da takarda ga kowane irin ciniki: ta sayarwa dabam, ta kyauta dabam, ta aro, ta haya, ta jingina. Mai saye ya tabbata wadda aka ba shi ta sayarwa ce, da sunan shaidu, da iyakoki huɗu, da sunayen maƙwabta.

Idan kuwa fili ne cikin gari, a unguwar da hukuma ta yanka, takardarsa tana fitowa daga ma'aikatar magajin gari, da lambar fili da ta rukuninsa. Kada a tsaya ga ganin takardar a hannun dillali. A je a duba cikin rajista ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, bayan ciniki kuma a sake suna nan da nan. Wanda ya bar takarda da sunan tsohon mai fili ya bar ma ƴaƴansa rigima.

Takardar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta mallaka ta dindindin, wadda ma'aikatar filayen gwamnati ke bayarwa bayan masu awo sun auna sun kafa duwatsun iyaka. A 2006 aka sauƙaƙa hanyar samunta, aka kuma raɗa ma sabon tsarin suna da Hausa, watau Sheda. Ita ce banki ya fi yarda da ita idan ana neman bashi, ita ce kuma ke tsaya ma mutum idan aikin gwamnati ya biyo ta filinsa aka zo maganar diyya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021.

Kuɗi kuma a biya su gaban shaidu, a rubuta adadinsu da ranar biya. Idan saɓani ya taso, doka ta ce a fara da sulhu wurin sarakunan gargajiya, a rubuta abin da aka ƙulla ko aka kasa ƙullawa, sannan a wuce kotu.

GINI DA ZAMAN YAU DA KULLUM

Wanda ya samu fili mai tsabta, saura gini. A ƙasa mai danshi ginin laka daga gindi ke mutuwa. Ko da ba a da ƙarfin yin gida duka da siminti, a yi harsashi da dutse da siminti, a ɗaga daɓe sama da hanya, a sa indararo mai kai ruwa nesa da bango. Shadda ta yi nisa da rijiya, domin ruwan ƙasa yana kusa, ƙazanta ba ta da wuyar isa gare shi.

Maƙwabcin ruwa maƙwabcin sauro ne. Gidan sauro wajibi ne ga kowa, musamman yara da mata masu ciki, kuma duk zafin jikin da ya kama yaro a kai shi likita ba da jinkiri ba. Yaran da ke wanka a tafki suna iya kamuwa da tsargiya, wadda alamarta jini ne cikin fitsari, tana da magani idan an je da wuri. A koya musu kuma tsoron zurfi.

Madarunfa babban birnin gunduma ce, akwai ma'aikatun hukuma da makarantu da likita da kasuwa, abin da ya fi ƙarfinsu kuma Maraɗi ba ta da nisa. Sai dai gari ne na kusa da iyaka. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar 2023, ciniki ya ja baya a yankin duka. Ƙauyukan da ke kudu wajen dajin Baban Rafi sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane da ke ƙetaro iyaka. Kamin a zaɓi unguwa ko ƙauye, a nemi shawarar hukuma da ta mazauna wurin.

Akwai darasi a Jiratawa. Tun da aka buɗe filin noman rani mai hekta 512 a farkon shekarun 1980, manoman wurin sun ga cewa ruwan da aka yi tarayya a kansa ba ya ɗorewa sai kowa ya biya nasa kason, ya kiyaye ranar ban ruwansa. Haka zaman bakin tafki yake. Baƙo ya fara da gaida mai gari da liman da sarkin ruwa. Kada ya toshe hanyar da mata ke bi zuwa ruwa ko wadda garke ke bi zuwa mashaya don katangarsa ta miƙe. Kada ya zuba shara a gaɓa. Idan an kira gayyar dashen itace ko gyaran magudana, ya fito da ƴaƴansa.

Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce haya. Mutum ya kama ɗaki ya yi damina ɗaya da rani ɗaya a garin, ya ga ruwa a cikarsa da ramarsa, ya san mutane su san shi. Gani ya kori ji. Wanda ya yi haka, ya binciki asalin fili, ya riƙe takarda ta gaskiya, ya gina bisa tudu, zai ci kifinsa da kwanciyar rai, ya kuma bar ma magadansa gida ba shari'a ba. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye jama'a daga ɓarnar ruwa.