Tafiyar Kwanaki Cikin Jirgin Roba a Kwazazzabon Kogin Zambezi

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, tun ba waɗanda kogi ya ratsa ƙasarsu ba, su san wata irin tafiya da ake yi don hutu a kudancin Afirka. Mutane ne sukan biya kuɗi mai yawa, su shiga jirgin roba, su bi ruwa mai tsananin gudu har kwana biyar ko bakwai, dare ya yi su kafa tanti a bakin kogi su kwana. Wanda ya ji labarin da fari zai ce ganganci ne. Amma in aka duba yadda aka shirya abin, sai a ga ya tsaya ne bisa abu uku, watau sanin lokacin ruwa, da bin umurnin matuƙi, da taimakon mutanen ƙasar.

Kogin da Kwazazzabonsa

Kogin Zambezi shi ne na huɗu wajen tsawo a Afirka, bayan Nilu da Kongo da Kwara. Tsawonsa kamar mil 1,600 ne. Ya ɓuɓɓugo daga arewa maso yammacin Zambiya, ya shiga Angola, ya komo Zambiya, ya taɓa iyakar Namibiya da ta Botswana, ya zama iyaka tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, kana ya ratsa Mozambik ya faɗa Tekun Indiya.

Wajen tsakiyar tafiyarsa akwai wata babbar mafaɗar ruwa, inda kogin duka ke zubowa daga bisa dutse. Faɗinta ya ɗara mil guda kaɗan, zurfinta kuwa kamar ƙafa 350. Mutanen wurin suna ce da ita Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa, saboda feshin da ke tashi sama da rugugin da akan jiyo daga nesa. Baturen nan mai yawon ƙasashe, Libingiston, ya iso wurin cikin shekarar 1855, ya sa mata sunan Sarauniyar Ingila Biktoriya. A shekarar 1905 aka gama gadar jirgin ƙasa a ƙasa da ita kaɗan.

Da ruwan nan ya faɗo, sai ya matsu cikin wani kwazazzabo na baƙin dutse wanda ake kira Batoka. Ruwan da ya yi faɗin mil guda a sama, a nan wani wuri faɗinsa bai kai yadi ɗari ba. Tsawon kwazazzabon kamar mil 75 ne, bangonsa kuwa yana farawa daga ƙafa 400, yana ƙara tsawo in an yi gaba. Duk inda gindin kogin ya gangara, ko ya tsuke, ko duwatsu suka tare shi, sai ruwan ya yi gudu ya yi tsalle, ya ta da igiya wadda ta fi tsawon mutum, ya yi kumfa fari fat. Irin wannan wuri shi za mu riƙa kira magangara. Tsakanin wata magangara da wata akwai ruwa mai zurfi mai kwanciya. Wannan shi ya sa tafiyar ta yiwu, gama wanda ya faɗa ruwa a magangara, a kwantaccen ruwan da ke gaba ake tsamo shi.

Cikin shekarar 1981 ne wani kamfani na Amurka mai suna Sobek ya fara bin kwazazzabon nan da jiragen roba, daga gindin mafaɗar ruwa zuwa Tafkin Kariba. Daga nan ne abin ya zama sana'a a garuruwa biyu da ke daura da juna, watau Libingiston ta Zambiya da garin Biktoriya na Zimbabuwe.

Lokacin Ruwa

Damunar ƙasashen nan ta saɓa da tamu. Ruwan sama yana sauka ne daga Nuwamba zuwa Maris. Mafi yawan ruwan kogin daga Angola da arewacin Zambiya yake fitowa, kuma kafin ya iso sai ya malala cikin babbar fadamar Barotse, wadda takan riƙe shi ta sake shi sannu sannu. Saboda haka cikowar kogin ba ta kai ƙarshenta a mafaɗar ruwa sai wajen watan Afrilu. A lokacin nan akan dakatar da tafiyar, domin ruwan ya fi ƙarfin jirgi.

Daga wajen Agusta zuwa Disamba ruwa yakan janye. Sa'an nan ne ake iya farawa tun daga magangara ta farko, sa'an nan ne kuma tuddan rairayi ke bayyana a bakin kogi, inda za a kafa tanti. Don haka tafiyar kwanaki ta wannan lokaci ce. In ruwa ya fara hawa, ko bai gama janyewa ba, akan tsallake magangaru goma na farko, a yi tafiyar yini ɗaya kurum. Tsawon ruwa shi ke yanke wannan hukunci, komi yawan baƙin da ke jira da kuɗinsu.

Jirgin da Kayan Aiki

Jirgin na roba ne mai kauri, ana hura masa iska, tsawonsa ƙafa 14 zuwa 16. An kasa cikinsa ɗaki ɗaki, yadda in dutse ya huda guda sauran za su riƙe shi bisa ruwa. Gindinsa yana da kafofi inda ruwan da ya shiga ke fita da kansa. An kewaye shi da igiya ta kamawa. Yana ɗaukar mutum shida zuwa takwas, ban da matuƙi wanda ke zaune a baya.

Ba a barin kowa ya shiga sai da abu biyu a jikinsa: rigar hana nutsewa, wadda ake ɗaurewa tamau, da hular kwano saboda duwatsu. Ko gwanin iyo ne sai ya sa. Kowa kuma ana ba shi filafili nasa, gama fasinjojin su ne ke tuƙi. Akwai wani jirgin dabam na kaya, mai ɗauke da tantuna da abinci da tukwane da akwatin magani, duk an ɗaure cikin jakunkunan da ruwa ba ya shiga. Har wa yau akwai mutum ɗaya ko biyu cikin ƙananan kwale-kwale na mutum guda, waɗanda aikinsu shi ne su riga wucewa, su tsaya a ƙarshen magangara su jira wanda ya faɗo.

Matakan Magangara da Sunayensu

Masu wannan sana'a a duniya duka sun kasa magangaru mataki shida. Mataki na 1 ruwa ne mai ɗan motsi. Na 3 yana da igiya wadda ke bukatar gwaninta. Na 5 shi ne iyakar abin da ake shiga da baƙi. Na 6 kuwa ba a shiga da su sam. Kwazazzabon Batoka ya yi suna ne don yana da na 5 da yawa kusa da juna.

Magangaru 25 na farko an ba su lamba, an kuma laƙaba musu sunaye. Inda ake farawa ana ce da shi Tukunya Mai Tafasa, don yadda ruwan ke juyawa. Ta 5 ana kiranta Matakalar Sama, ta 13 kuwa Uwa. Ta 7 ta fi sauran tsawo da wuyar bi. Ta 18 ta shahara wajen kifar da jirage, tana da manyan igiyoyi uku a jere, ta ukun ita ce mai kayarwa. Ta 9 mataki na 6 ce, sunanta ma yana nufin kasuwancin kashe kai. A nan kowa yakan fita ya bi ta kan duwatsu da ƙafa, a wuce da jirgin ba fasinja. Haka kuma ake yi can gaba a Moemba ta ƙasa, inda kogin ke zubowa ta wata tsukakkiyar kafa. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

Umurnin Matuƙi

Kafin a taɓa ruwa, sai matuƙi ya tara mutanensa ya koya musu umurni kaɗan: a tuƙa gaba, a tuƙa baya, a tsaya, a durƙusa cikin jirgi a kama igiya. Yakan gwada su a kwantaccen ruwa har su iya yi tare. Cikin magangara ba shawara ba musu, abin da ya faɗa shi ake yi nan take, ko da babban mutum ne ke cikin jirgin. Dalili shi ne kowace magangara tana da hanya wadda matuƙi ya sani, in filafilin gefe ɗaya ya makara sai jirgin ya ba igiya gefensa, ta kifar da shi. In an zo babbar magangara, matuƙa sukan tsai da jirage su hau dutse su dubi ruwan tukuna, domin hanyar jiya ba lalle ta zama ta yau ba.

Kifewa ba baƙon abu ba ne, an kuma yi shirinta. Wanda ya faɗa ruwa an umurce shi ya kwanta rigingine, ƙafafunsa suna gaba don su tare masa dutse, ya ja numfashi tsakanin igiya da igiya. An hana shi ƙoƙarin miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu, don kada ƙafarsa ta maƙale tsakanin duwatsu ruwa ya danne shi. Mai kwale-kwale zai zo ya ja shi, ko a jefa masa igiya. Matuƙi kuwa sai ya hau bayan jirgin da ya kife, ya birkito shi da igiya, ya ƙirga mutanensa. Duk da wannan shiri akan sami rauni, an kuma taɓa rasa rai. Saboda haka kamfanoni sukan ƙi ɗaukar yara ƙanana, sukan kuma tambayi lafiyar mutum kafin su karɓe shi.

Zango

Tun rana ba ta faɗi ba ake tsayawa, gama ba a tafiya da dare. Akan zaɓi tudun rairayi wanda ya yi sama da ruwa, a ja jirage a ɗaure, a kafa tantuna, a hura wuta a yi abinci. Ruwan sha sai an tace shi ko an sa masa magani. Ƙasar tana da zazzaɓin cizon sauro, don haka baƙi sukan sha maganin rigakafi. Zafin rana cikin kwazazzabon yana da tsanani, tun ba a watan Oktoba ba, domin baƙin dutse yana riƙe zafi. In gari ya waye sai a kwashe shara duka a tafi da ita, a bar wurin yadda aka same shi.

Tafiyar mafi tsawo takan ƙare wajen da kogin Matetsi ya haɗu da Zambezi. A kwanakin ƙarshe kwazazzabon yakan buɗe, ruwa ya kwanta, a nan ne kuma manyan kadoji da dorina suke. Matuƙi yakan hana wanka da sa hannu cikin ruwa, a kuma kewaye dorina daga nesa. Bisa bangon dutse akan ga gwaggon biri da gaggafa, da wani ɗan shaho mai suna Taita, wanda samunsa ke da wuya a duniya.

Amfanin Mutanen Ƙasar

Mota ba ta sauka cikin kwazazzabon. Jirage da kaya duka a ka ake sauko da su, a ka kuma ake hau da su, ta hanyoyi masu tsayi waɗanda baƙo ba ya gama hawa sai da haki. Samarin ƙauyukan da ke bakin kwazazzabon ke wannan dako. A gefen Zambiya da yawansu mutanen ƙasar Sarkin Mukuni ne, na kabilar Leya. Matuƙan farko baƙi ne daga waje, amma yanzu mafi yawansu 'yan ƙasa ne, waɗansunsu ma daga dako suka fara. Masu dafa abinci da direbobi da masu sassaƙa da masu masauki duk suna ci daga wannan ruwa.

Madatsar Ruwa

Akwai abin da ke iya kawo ƙarshen sana'ar. Gwamnatocin Zambiya da Zimbabuwe sun daɗe da shirin gina madatsa cikin kwazazzabon Batoka, kamar mil 30 ƙasa da mafaɗar ruwa, don samun wutar lantarki megawat 2,400. An ba da kwangila cikin 2019, amma aikin ya yi ta samun jinkiri. Ƙasashen biyu suna fama da ƙarancin wuta, bukatarsu kuwa ta gaskiya ce. Amma in an gina, tafkin zai koma baya ya shanye mafi yawan magangarun da wuraren zango. An ga haka a Uganda, inda madatsar Bujagali ta shanye magangarun Nilu kusa da Jinja, aka buɗe ta cikin 2012. A kan Zambezi kanta, madatsar Kariba da aka gama cikin 1959 ta ta da mutanen Tonga kamar 57,000 daga gidajensu. Mu ma mun san irin wannan. Magangarun Busa, inda Mungo Park ya hallaka cikin 1806, suna ƙarƙashin Tafkin Kainji tun 1968, an kuma sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Irin wannan aiki yana bukatar a ji ta bakin sarakuna da talakawan da abincinsu ke wurin tun ba a aza harsashi ba.

Abin Lura ga Hakimai

Kogunanmu ba su kai Batoka hauka ba, amma muna rasa rayuka da yawa a cikinsu. Ba a manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara ta ƙasar Ngaski cikin 2021 ba, da na ƙasar Fategi cikin 2023, inda fiye da mutum ɗari suka rasu. Dokokin da ke tsare baƙi a Zambezi ba su fi ƙarfin kowane mashigi ba: a ƙayyade yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, kowa ya sa rigar hana nutsewa, kada a tashi da dare, a dakata in ruwa ya yi yawa, a kuma ji maganar matuƙi. Ana fata hakimai za su sa malamansu su karanta wa Sarakunan Ruwa da masu fito wannan bayani, su kuma bincika yadda ake lodi a kowane mashigi da ke cikin ƙasarsu kafin ruwa ya ciko.