Maigida, Ba Iska Ba Ce: Halin Mace Bayan Tiyatar Ƙwaƙwalwa

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, kodayake a irin wannan hali ne ake gane masoyin gaskiya.

Akwai cutar da ke sa jijiyar jini ta kumbura a cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda tayar keke ke yin ƙululu kafin ta fashe. Ta fi kama mata, kuma hawan jini da shan taba na ƙara haɗarinta. Ranar da ta fashe, ciwon kai ne zai sari mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba. Cikin hanyoyin magani akwai buɗe ƙoƙon kai, likita ya matse wuyan kumburin da wani ɗan ƙarfe mai kama da abin maƙale shanya. Wani likitan Amurka, Walter Dandy, shi ya fara wannan aiki a 1937.

To amma fa tsugune ba ta ƙare ba. Tsakanin kwana 3 zuwa 14 da fashewar, jijiyoyi na iya tsukewa, jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, har ɓarin jiki ya shanye ko magana ta sarƙe. Shi ya sa ake ba da maganin nimodipine har kwana 21. Wasu ruwa ke taruwa musu a ka, sai an sa siririyar roba ta janye shi zuwa ciki. Wasu kuma farfaɗiya ce ke biyo baya.

Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda ido ba ya gani. Wata yayata a nan Saulawa an yi mata wannan aiki, ta dawo da ƙafarta, kowa yana barka. Sai ga mantuwa: ta ɗora tukunya ta manta, ta zuba gishiri sau biyu, abu kaɗan sai kuka ko faɗa. Uwar miji ta ce iska ce, aka dinga turare. Mijin har ya fara cewa ta je gida ta huta, mu mata kuwa mun san fassarar wannan. Sai da likita ya zaunar da shi ya ce, "Malam, ba raini ba ne, ciwo ne. Sau da yawa yana sauƙi a hankali, amma yana ɗaukar watanni." Jikinsa ya yi sanyi, ya janye maganar.

Don haka maigida, haƙuri naka ne. Idan ka ga barci ya yi mata yawa, ko amai, ko jijjiga, ko wurin ɗinki yana fitar da ruwa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mu na Ikara, Makarfi da Kudan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika bai yi mana nisa ba, kuma akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. A adana takardar da ta nuna irin ƙarfen da aka sa, domin za a nema kafin hoton MRI. A yi addu'a, a kuma sha magani a kan lokaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.